Magungunan Rage Tsamin Ciki: Yadda Ake Amfani da Su Wajen Magance Ƙwannafi da Gyambon Ciki

Gabatarwa

Ƙwannafi da gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, suna daga cikin cututtukan da suka fi kai jama'armu kantin magani. Duk wanda ya leƙa kantunan magani na Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi ko Hayin Banki zai tarar da kwalabe da ƙwayoyin maganin olsa jere a kan kanta, kuma da yawa daga cikin mutanen karkara da ke shigowa cin kasuwar Kawo ranar Talata sukan saya su koma da su gida. Akwai waɗanda suka shekara biyu ko uku suna shan waɗannan magunguna ba tare da likita ya taɓa duba su ba.

Mun shirya wannan bayani domin amfanin jama'ar Jihar Kaduna, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne: maganin rage tsamin ciki yana kwantar da raɗaɗi, yana kuma taimaka wa gyambo ya warke, amma ba ya kawar da abin da ya haddasa gyambon. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Mene ne tsamin ciki?

A kowace rana tumbin baligi yana samar da ruwan narkar da abinci kimanin lita ɗaya da rabi zuwa biyu. A cikin wannan ruwa akwai sinadari mai tsananin tsami da ake kira asid, wanda ke taimakawa wajen narkar da nama da sauran abinci, yana kuma kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya. Shi tumbi yana da wata majina mai kauri da ta lulluɓe bangonsa, ita ce ke hana asid ɗin cin naman jikinsa.

A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai zagaye da ke aiki kamar bakin jaka: tana buɗewa abinci ya shiga, sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako, ruwan tsami yakan koma sama, sai mutum ya ji zafi a ƙirji yana hawa zuwa maƙogwaro, wani lokaci har da gyatsa mai tsami ko ɗaci a baki. Wannan shi ne ƙwannafi. Idan yana faruwa sau biyu ko fiye a mako, ko yana tada mutum daga barci, ya zama ciwon da ke buƙatar kulawa, domin yana iya sa bututun abinci ya yi rauni ko ya ƙuntata.

Gyambon ciki kuwa miki ne na zahiri da ke fitowa a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, bayan garkuwar majinar nan ta lalace. Alamarsa ita ce zafi ko cizo a saman cibiya, ƙasan ƙahon zuciya. Gyambon farkon hanji ya fi yin ciwo idan ciki ba komai ko cikin dare, na tumbi kuwa yakan tsananta bayan cin abinci.

Abubuwan da ke haddasa gyambon ciki

An daɗe ana cewa yunwa da yaji da yawan tunani su ne ke kawo olsa. Gaskiyar magana, waɗannan suna iya tada ciwon da yake akwai, amma manyan musabbabai guda biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke iya rayuwa a cikin majinar tumbi. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka gano ta a 1982. Da yake likitoci da yawa ba su yarda ba, a 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yawanci ana kamuwa da ita tun ana yara, ta hanyar yawu, gurɓataccen ruwa, hannun da ba a wanke ba da cunkoso a gida. Binciken da aka yi a yankin Maiduguri aka wallafa a 1992, da wani nazarin ƙasashen duniya na 2017, duk sun nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a Nijeriya suna ɗauke da ita. Mafi yawan masu ita ba sa yin gyambo, amma ita ce ke bayan akasarin gyambon farkon hanji, kuma a 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam, indomethacin da aspirin. Waɗannan suna raunana garkuwar tumbi. Manoma, 'yan dako, direbobi da 'yan acaɓa da ke shan maganin gajiya kullum da dare, musamman irin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna, suna cikin haɗari babba. Sau da yawa a irin wannan haɗi akan sami magungunan ciwon jiki iri biyu tare da dexamethasone ko prednisolone, abin da ke ƙara haɗarin zubar jini. Har ila yau, wasu garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshin takarda suna ɗauke da aspirin. Shan taba da giya kuwa suna jinkirta warkewar gyambo.

Rukunonin magungunan rage tsami

Magungunan sun kasu rukuni uku. Mun rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwali domin mai saye ya iya ganewa.

1. Masu kashe kaifin tsami nan take. Su ne farin ruwan magani mai kama da alli da ƙwayoyin da ake taunawa, irin su magnesium trisilicate da aluminium hydroxide. Suna aiki cikin mintuna kaɗan, amma tasirinsu ba ya wuce awa ɗaya zuwa uku. Akwai kuma irin Gaviscon, wanda ke yin kumfa a saman abin da ke cikin tumbi ya tare shi daga komawa sama. Ana shan su bayan abinci da kuma lokacin kwanciya, a girgiza kwalba kafin a zuba. Mai ɗauke da magnesium yakan saki ciki, mai aluminium kuma yakan ɗaure shi.

2. Masu rage yawan tsamin da tumbi ke fitarwa. Na farkonsu shi ne cimetidine, wanda ya shiga kasuwa a Ingila a 1976, ya kuma rage yawan tiyatar olsa a duniya ƙwarai. Masanin da ya jagoranci aikin, James Black, ya sami lambar Nobel a 1988. Daga baya aka sami ranitidine da famotidine. Suna fara aiki cikin awa guda, tasirinsu kuma ya kai sa'o'i da dama. A 2019 an gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA a cikin ranitidine, wanda ake zargin yana iya haddasa sankara, kuma a watan Afrilu na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi daga kasuwa. Ƙasashe da dama sun ɗauki irin wannan mataki. Duk mai tsohon ranitidine a gida kada ya sha, ya nemi shawarar ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

3. Masu toshe mafitar tsami. Su ne mafi ƙarfi: omeprazole, wanda kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fitar a 1988, sai esomeprazole, pantoprazole, lansoprazole da rabeprazole. Ba su kawo sauƙi nan take. Sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin su kai cikakken ƙarfinsu. Amma su ne suka fi warkar da gyambo da raunin bututun abinci.

Yadda ya dace a sha su

Kuskuren da aka fi yi shi ne shan omeprazole sai lokacin da ciwo ya taso, ko bayan an ci an ƙoshi. Ƙa'idarsa ita ce a sha sau ɗaya a rana, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a haɗiye shi da ruwa ba tare da an tauna ko an daka ba. Dalili kuwa shi ne maganin yana kama mafitar tsami ne a daidai lokacin da abinci ya tashe su aiki.

Wanda ya saya da kansa saboda ƙwannafi kada ya wuce kwana 14. Idan bai ji sauƙi ba, ko ciwon ya dawo da zarar ya daina, to lokacin ganin likita ya yi. Idan an tabbatar da gyambo, likita yakan rubuta na mako huɗu ga na farkon hanji, mako takwas ga na tumbi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, domin tsami yakan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. Likita zai tsara yadda za a rage a hankali. Akwai marasa lafiyar da likita ke bari a kan maganin na dogon lokaci saboda dalili, kamar tsofaffin da dole su ci gaba da shan aspirin don zuciya. Su kuma kada su daina sai da izninsa.

Maganin ƙwayar cutar

Idan Helicobacter pylori ce sanadi, maganin rage tsami shi kaɗai zai warkar da mikin, amma a mafi yawan lokuta gyambon yakan dawo. Idan kuwa aka kashe ƙwayar, da wuya ya sake dawowa. Ana gano ta ta hanyar gwajin bayan gida, gwajin numfashi, ko ta na'urar leƙa ciki da ake zura wa ta baki, wato endoskofi. Gwajin jini yana nuna cewa mutum ya taɓa kamuwa ne kawai, ba ya tabbatar da ko ƙwayar tana nan ko ta mutu. Ya kamata a sanar da likita irin maganin da ake sha, domin ana buƙatar dakatar da omeprazole da danginsa mako biyu kafin gwajin bayan gida ko na numfashi, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa mako huɗu. In ba haka ba gwajin zai iya nuna babu alhali akwai.

Maganin haɗi ne na rage tsami tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, kamar amoxicillin da clarithromycin, ko wani haɗin mai bismuth, yawanci na kwana 14. Wajibi ne a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a kwana na uku. Yankewa a tsakiya, da kuma yadda jama'a ke shan Flagyl da amoxicillin barkatai ga kowane ciwon ciki, su ne ke sa ƙwayar ta ƙi jin magani. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa sai a sake gwaji domin a tabbatar ta mutu.

Abubuwan lura da gargaɗi

Farin ruwan maganin olsa yana hana jiki tsotse wasu magunguna, irin su ciprofloxacin, doxycycline, tetracycline da ƙwayoyin ƙarin jini. A bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu. Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki mai ɗauke da dolutegravir su sha nasu awa biyu kafin farin maganin, ko awa shida bayansa. Omeprazole ba ya jituwa da atazanavir, yana kuma rage ƙarfin clopidogrel da masu ciwon zuciya ke sha. Cimetidine kuwa yana ƙara ƙarfin warfarin da phenytoin a jiki har su yi illa. Masu ciwon ƙoda kada su sha mai magnesium ko aluminium sai da umarnin likita.

Shan omeprazole da danginsa shekara da shekaru yana iya rage bitamin B12 da magnesium a jiki, an kuma danganta shi da ƙarin haɗarin karayar ƙashi da cututtukan hanji masu kawo gudawa. Babbar illarsa ita ce yana iya ɓoye alamun sankarar tumbi har lokaci ya ƙure.

Kanwa da madara

Mun san cewa jiƙa kanwa a sha tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma gaskiya ne tana kashe kaifin tsami na ɗan lokaci. Sai dai tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, irin wanda ke cikin gishiri, don haka haɗari ce ga masu hawan jini, ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawaitar ciwon zuciya ga masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego. Madara ita ma tana sanyaya ciki da farko, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da tsami. Abinci ce mai kyau, amma ba maganin gyambo ba ce.

Mata masu juna biyu

Ƙwannafi ya zama ruwan dare ga masu ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe. Rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya da shan farin magani yadda ma'aikaciyar awo ta nuna sukan wadatar. Kada mai ciki ta sha kanwa, kada kuma ta sha misoprostol, wanda akan bayar don kare tumbi amma yana zubar da ciki. Idan zafin saman ciki ya zo tare da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani ko kumburin fuska da hannuwa, a garzaya asibiti, domin yana iya zama alamar hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Masu azumi

Ga masu azumin watan Ramadan, an fi so a sha omeprazole da an tashi sahur, kafin a fara cin abinci. A sassauta soye-soye da yaji wajen buɗa baki, kada kuma a kwanta da zarar an gama sahur. Haka shawarar take ga 'yan'uwanmu Kirista a lokacin nasu azumin. Wanda gyambonsa bai warke ba, ko ya taɓa aman jini, ya ga likita tun kafin azumi ya kama.

Alamun da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba

• Aman jini, ko amai mai kama da dusar kofi.
• Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, mai tsananin wari. Ƙwayoyin ƙarin jini da bismuth su ma suna baƙanta bayan gida, amma a bar ma'aikacin lafiya ya tantance.
• Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako. Wannan alama ce ta gyambo ya huda. Kada a ba marar lafiya abinci ko ruwa, a kai shi inda ake tiyata.
• Jiri, suma, ko fari fat a tafin hannu da cikin ido.
• Wahalar haɗiya, amai da ya ƙi tsayawa, ko rama ba dalili.
• Ciwon saman ciki da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 50.
• Nauyi ko matsi a ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi. Wannan yana iya zama bugun zuciya, ba ƙwannafi ba.

Bugu da ƙari, ba kowane ciwon saman ciki ne olsa ba. Ciwon hanta, tsakuwar matsarmama da tsutsar ciki duk suna iya kama da shi.

Sauye-sauyen da ke taimakawa

A riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon cika ciki lokaci guda. A bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kimanin santimita 15 zuwa 20, a kuma kwanta a gefen hagu. Mai ƙiba ya rage nauyi, mai shan taba ya daina. Kowa ya lura da abin da ke tada masa ciwo, ko goro ne, ko shayi mai kauri, ko kofi, ko lemon kwalba, ko maiƙo, ya rage shi. Don ciwon jiki, paracetamol bisa ƙa'ida ya fi aminci ga tumbi.

Inda za a nemi taimako

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya matakin farko ta mazaɓa. Daga nan akan tura marar lafiya babban asibiti, kamar Babban Asibitin Kawo ko Asibitin Tunawa da Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Matsalolin da suka fi ƙarfin waɗannan akan kai su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke cikin garin Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake yin gwajin leƙa ciki. Masu neman sauƙin kuɗin magani su tuntuɓi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, domin jin yadda ake rajista.

A sayi magani a kantin da ke da lasisin majalisar kula da harkar magunguna ta ƙasa, PCN. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da ranar ƙarewar aiki. A guji maganin da ake talla a tire cikin rana a tasha ko kasuwa, domin zafi yana lalata shi.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Muna kira ga shugabannin sassan lafiya na ƙananan hukumomi 23 na jiha, kansiloli, hakimai, dagatai, masu unguwanni da kwamitocin ci gaban mazaɓu da su isar da wannan saƙo a tarurrukan unguwa, ranakun kasuwa da wuraren ibada. Su ja hankalin masu kantunan magani cewa duk wanda ya dawo sayen maganin olsa karo na biyu ko na uku a tura shi asibiti, a kuma daina ƙulla haɗin ƙwayoyi marasa suna. Su kai rahoton masu tallar magani ba izini ga hukumomin da abin ya shafa. Kazalika, gyaran rijiyoyin burtsatse, gina masai da koya wa yara wanke hannu da sabulu suna daga cikin hanyoyin rage yaɗuwar ƙwayar da ke haddasa gyambo. Ya kamata kowane ƙauye ya san motar da za ta ɗauki marar lafiya cikin dare idan aka sami mai aman jini.

Kammalawa

Magungunan rage tsamin ciki sun sauƙaƙa wa miliyoyin mutane wahala, sun kuma kuɓutar da da yawa daga tiyata. Amfaninsu yana cika ne idan an sha su a kan lokaci, na tsawon da ya dace, tare da neman sanadin ciwon. Wanda ya kwana 14 yana sha bai ji sauƙi ba, ko ya ga ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa, ya nufi asibiti mafi kusa, ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha domin likita ya gani. Allah ya ƙara mana lafiya.